Yashin da Malam Yuguda Ya Zuba a Kwalta

Wanda duk ya saba bin hanyar da ta tashi daga Rijiyar Zaki ta nufi Rimin Gado da hantsi, da wuya a ce bai taɓa wuce wani dattijo siriri a kan amalanken shanu ba, hularsa a karkace, yana yi wa bijimansa biyu magana kamar abokan hira. Malam Yuguda ke nan, mutumin Unguwar Ɗinya. Ya haura shekara sittin, kuma tun bai kai goma ba yake kan wannan hanya, tun tana burji. Mahaifinsa da jakuna ya yi sana'a. Su kai itace da kara birni, su dawo da takin bola a mangala su zuba wa masu gonaki. A wannan yanki gona ba ta hutawa, kowane taƙi da mai shi, saboda haka mai kawo taki ba ya rasa aiki. Da ƙarfin mahaifin ya ƙare, Yuguda ya sayar da jakunan ya haɗa amalanke. Yau taki, gobe dawa daga gona, jibi yashi daga rafi ga mai gini.

Amma ba da amalanken aka fi saninsa ba. Da tambaya aka san shi. Ya taɓa kwance rediyonsa don ya ga inda maganar take fitowa, rediyon da bai sake magana ba ke nan. Ranar da aka zo haƙa rijiyar burtsatse ya wuni a tsaye, sai da masu aikin suka ba shi kujera. Matarsa Zuliha takan ce ko asibiti ta raka shi, likitan ne yake ƙarewa da amsa tambayoyi.

Ita Zuliha sana'arta tattasai. In kaka ta yi takan sari ɗanye a hannun manoma, ta shanya, ta ɗura a buhu ta ajiye sai ya yi daraja. Da, a bayan gida take shanyar, a kan ƙasa, kaji su tona, awaki su taka, ga ƙasa da take shiga ciki. Shekara huɗu da suka wuce aka zuba kwalta a reshen hanyar da ya shiga ƙauyen, aka kuma faɗaɗa mararrabar ta zama fili guda, sumul kamar faranti. Zuliha ce ta fara shimfiɗa tattasanta a gefen wannan fili. Kwalta tana ɗaukar zafi, sai rana ta gasa ta sama, ita ta gasa ta ƙasa. Abin da yake cin kwana bakwai a gida, a nan huɗu ya ishe shi. Ga shi fes, babu tsakuwa. Ga matafiya suna tsayawa su sayi kwano ɗaya, kwano biyu. Kafin shekara ta zagayo, tsofaffin mata shida ne suke jere a wajen, kowace da dutsen zamanta da sandar korar awaki. Na Zuliha shi ne na farko daga bakin filin, don ita ta riga kowa.

Wata Lahadi bayan la'asar motoci biyar suka zo daga wajen birni, da babura a bayansu. Samari ne, wasu an ce ɗalibai ne, wasu 'ya'yan masu hali. An ce wani abokinsu ne ya yi aure, an kore su daga titunan cikin gari, suka fito neman inda ba mai hana su. Malam Yuguda yana dawowa daga gona, sai ya ja bijimansa gefe ya tsaya.

Abin da ya gani bai taɓa ganin irinsa ba. Mota ta taho a guje, sai ta yi wani ƙugi, bayanta ya fizge, ta riƙa tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa. Tayoyin gaba suna kallon gabas, motar tana tafiya kudu. Daga nan ta kama juyi a wuri guda, hayaƙi fari yana tashi daga ƙarƙashinta, ƙaurin roba ya cika wajen. Wasu samarin sun fito da rabin jikinsu ta taga suna ihu, wasu suna tsaye a tsakiyar filin da wayoyi a sama, motar tana zagaya su.

“Ikon Allah,” in ji Malam Yuguda. Bai san bakinsa a buɗe yake ba sai da ƙuda ya nemi shiga.

Washegari da sassafe ya koma shi kaɗai. Kwaltar ta cika da baƙaƙen da'irori, wata a kan wata. Ya tsuguna ya shafa, ya ga yatsunsa sun kwaso wani gari baƙi kamar na gawayi. Ya shinshina. Ashe tayar ce take narkewa. Ya daɗe yana tunanin yadda za a yi abu mai ƙafa huɗu a ƙasa ya tafi inda bai fuskanta ba. Amalankensa in ya juya bijimai dama, dama yake bi. Sai kuma ya yi abin da ya saba yi in zai auna gona: ya taka daga bakin baƙin zanen da ya fi nisa zuwa dutsen da Zuliha take zama. Taku ashirin da biyu.

Samarin suka dawo Lahadi ta gaba, ba tare da wani biki ba, motocin sun zama takwas. Ranar Litinin ya sake aunawa, taku goma sha biyar. Mako na uku, tara.

Da rana suna cin ɗanwake a zaure ya gaya mata.

“Taku tara ya rage, Zuliha. Ran Lahadi ki kwashe da azahar ki dawo gida.”

“In kwashe ɗanyen tattasai in tara shi a buhu? Ya kwana ya yi baƙi? Malam, kai za ka saya?”

“To ki bar shi a can, ke ki taho.”

“In bar wa awakin Ramlat ke nan. Ai sai su yi mini addu'a.” Ramlat maƙwabciyarsu ce, ita ma tana shanya a wajen. Zuliha ta ture masa kwanon yaji. “Ni na riga su zuwa wajen nan. Kuma kai da kake faɗa, wa ya kai ka kallo? Rannan har miƙa wuya kake daga kan amalanke kamar zalɓe.”

Bai musa ba, don gaskiya ta faɗa. Yana jin tsoron abin, yana kuma son ganinsa. Amma tun daga ranar, in ya ji ƙugin motocin, ba su yake fara kallo ba, farin mayafin Zuliha yake nema a bakin filin.

Mai unguwa ya kai ƙara. Aka turo jami'ai wata Lahadi, suka zauna a motarsu har magariba, ko mota ɗaya ba ta zo ba. Da alama labari ya riga su. Mako na gaba babu jami'ai, samarin suka dawo.

Sai dattawa suka zauna a ƙofar masallaci ranar Juma'a da yamma. Wani ya ce a gina tudu a kan kwaltar, mai unguwa ya ce hanyar gwamnati ce, wanda ya ɗora mata bulo shi za a kama. Wani ya ce a gindaya kututturai, aka ce sai wanda bai ji ba bai gani ba ya zo ya daka. Malam Yuguda ya yi gyaran murya.

“Ranka ya daɗe, yashi za a zuba.”

Aka juyo ana kallonsa.

“Ba abin da yake kashe wa taya ƙarfi kamar yashi. Amalankena in ya shiga rafi, bijimai biyu sai sun durƙusa kafin su fitar da shi. Motar ɗaukar yashi da kanta, sau nawa muka tura ta? A baza shi a filin, ba mai yawan da zai hana matafiya wucewa ba. In suka zo juyin nan, ƙafafun su yi nauyi, su gaji su tafi.”

Kowa a wajen ya taɓa tura mota a rafi, saboda haka kawuna suka kama gyaɗawa. Mutum ɗaya ne ya yi magana daga baya, Sabiru, magidanci mai 'ya'ya uku da yake haya da babur tsakanin ƙauyen da Rijiyar Zaki.

“Baba, a yi mini afuwa. Yashi a kan kwalta santsi ne. Ni na sha faɗuwa a kansa.”

Ɗanliti, taubashin Malam Yuguda, wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya ce, “Kai da babur ɗinka ko a kan tabarma faɗuwa kuke. Ƙafa biyu gare shi kamar kaza. Ana maganar mai ƙafa huɗu.”

Aka yi dariya. Wani ya ƙara da cewa ai Sabiru ɗan kallo ne, ba ya so a kashe masa sinima. Malam Yuguda bai yi dariya ba, amma ya ce cikin natsuwa, “Sabiru, shekara arba'in ina ɗebo yashi. Na san halinsa.” Sabiru ya sunkuyar da kai.

Ranar Asabar Malam Yuguda ya yi sawu shida zuwa rafi, bai karɓi ladan kowa ba. Shi da Ɗanliti da wasu mutum uku suka baza yashin da shebur, suka bi da reshen dogonyaro suna daidaitawa, kaurinsa bai kai yatsa ba. Zuliha tana zaune a kan dutsenta tana mita.

“In iska ta kwaso mini shi cikin tattasai, kai za ka tsince, ƙwaya ƙwaya.”

“Na yarda,” in ji shi. Ransa fari ƙal. Rabon da ya ji daɗin aiki haka ya daɗe.

Ran Lahadi bai je ko'ina ba. Ya bar bijimai a turke, ya zo ya tsaya a gindin dogonyaron da yake tsallaken filin, inda zai ga komai. Rabin ƙauyen ma sun fito, don kowa yana son ya ga yadda yashi zai kunyata 'yan birni.

Motocin suka iso, suka tsaya a bakin filin. Samari suka fito suna duba ƙasa. Ɗaya ya goga takalminsa a kan yashin, ya goga kuma, sai ya daka tsalle ya yi ihu.

“Kai! Wa ya yi mana wannan gatan?”

Wani dogo mai jar hula ya hango shebur a jingine kusa da Malam Yuguda, ya ɗaga masa hannu biyu. “Baba, ku ne? Allah ya saka da alheri! Yau taya za ta huta!”

Ɗanliti ya matso ya raɗa masa, “Taubashi, godiya fa suke yi.” Wannan karon babu wasa a muryarsa.

Wata farar mota ce ta fara shiga. Ko ƙugin kirki ba ta yi ba bayanta ya tafi, sulululu, kamar sabulu a kan dutsen wanka. Babu hayaƙi, babu ƙauri, sai wani sauti shuuu, da yashi da yake fallatsa ko'ina. Ta yi juyi ɗaya wanda ya fi duk na baya faɗi. Malam Yuguda ba ya buƙatar aunawa da ƙafa, da ido ya ga taku taran nan sun tafi. Ya duba tsallake. Sauran matan sun ja da baya sun hau kunyar gona. Zuliha kuwa ta tashi daga dutsenta ta matso gaba, ta sunkuya tana jan bakin tamfol tana rufe tattasanta, don yashi yana zubo masa. Ta ba filin baya.

Ya ƙwala mata kira. Ihun samari ya danne muryarsa. Ya faɗa cikin filin da gudu, takalminsa ya zame, ya zube a gwiwa. Daga nan inda yake durƙushe ya ga farar motar ta sake shigowa juyi na biyu. Ya ga jajayen fitilun birki sun kama. Ya ga tayoyin sun daina juyawa gaba ɗaya, motar kuma ba ta daina tafiya ba. A kaikaice ta tafi, a hankali ma in ka kalla, kamar wani ne yake turata da hannu, har bayanta ya share tamfol ɗin da mai shi, ta gangara ta faɗa lambatu.

Jan da ya watsu a kan kwaltar ya sa mata suka ɗora hannu a ka suna salati. Sai da aka matso aka ga yawancinsa tattasai ne. Zuliha tana kwance a gefe guda, idonta biyu, ƙafarta ta hagu ta lanƙwashe a ƙasan gwiwa, a inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Sauran motocin kafin a ankara sun juya sun yi birni. Mai farar motar ya fito, yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sunansa Jamil. Mutane suka yi kansa da sanduna, wani yana kiran a kawo fetur.

Malam Yuguda yana riƙe da kan matarsa a cinyarsa ya ɗaga murya. “Ku bar shi! Ku tsayar mini da mota tukuna!” Sabiru ne ya hau babur ɗinsa ya tare wata motar haya a babban titi, aka sauke fasinjoji, aka shimfiɗe ta a kujerar baya. Mai unguwa ya shigar da Jamil zaurensa ya tsaya a ƙofa har jami'ai suka zo.

Karaya biyu ce, da tsagewar ƙashin ƙugu. Aka yi mata aiki a wani asibiti a birni, aka sa ƙarfe. Likita ya ce za ta taka, amma ba kamar da ba. A kwana na uku mahaifin Jamil ya zo dubiya, ya taho da ɗan nasa, wanda aka bayar da shi beli. Aka gaisa, aka yi jaje, uban ya shiga wajen likita. Jamil ya rage a baranda, ya tsuguna nesa kaɗan, ya kasa ɗaga ido. Malam Yuguda ya daɗe yana kallonsa. Akwai abubuwa da yawa da ya tanada zai gaya masa. Da ya buɗe baki, wani abu dabam ne ya fito.

“Ka taka birki?”

“Wallahi Baba na taka har ƙasa.”

“Na gani. To me ya sa ba ta tsaya ba? Yashi fa ne. A rafi riƙe mota yake.”

Jamil ya share fuska da hannun riga. “A rafi zurfi gare shi, Baba, taya nitsewa take. A kan kwalta ba inda za ta nitse. Kowace ƙwaya mirginawa take a ƙarƙashinta. Kamar mutum ya taka gero a kan siminti.”

Malam Yuguda ya taɓa taka gero a kan siminti, a shagon mai injin niƙa, ya kuma san yadda ya ƙare.

“To ku da kuka san haka, kuka ga mata a zaune, kuka shiga?”

“Mun ɗauka mun iya.”

“Ni ma haka na ɗauka,” in ji Malam Yuguda. “Amma ni ban ga yashin yana santsi ba sai da ka shiga. Kai ka gani tun kana tsaye.” Jamil ya kifa kansa a gwiwa. Dattijon bai rarrashe shi ba, bai kuma ƙara masa ba.

Da ya dawo ƙauye, kafin ya shiga gida ya ɗauki tsintsiyar kwakwa ya nufi mararraba. Ya tarar an riga an share fiye da rabi. Sabiru ne yake yi kullum da safe kafin ya fita haya, don kada wani mai babur ya faɗi. Malam Yuguda ya tsaya a gabansa, a gaban masu jiran mota, ya ce, “Ka faɗa mana, muka yi maka dariya. Ka yafe ni.” Sabiru ya rasa inda zai sa kansa, sai cewa yake, “Haba Baba, haba Baba.” Suka ƙarasa sharar tare.

Wata biyu Zuliha ta yi a kwance. Tun tana asibiti ta fara zancen komawa bakin kwalta, wai kada wata ta gaje mata wuri. Ya san in ya ce kada ta je, zuwa za ta yi ko da rarrafe. Don haka bai hana ta ba. Ya je wajen tsofaffin da suka san yadda ake daɓe tun kafin siminti ya zo, ya yi musu tambayoyi har suka gaji da shi. Ya sare gefen gonarsa ta bayan gida, inda yake shuka kuɓewa, ya kwaso jar ƙasa da tsakuwa sawu goma sha ɗaya. Matan unguwa suka zo da madaɓai suka wuni biyu suna bugu suna waƙa, aka yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, aka sake bugawa har wajen ya yi baƙi yana ƙyalli. Ya kewaye shi da dangar kara saboda awaki.

Ranar da ta fara fitowa da sanda, ya kai ta wajen. Ta tsaya tana kallo. Ta buga daɓen da gindin sandar, ta saurari ƙarar.

“Kwana nawa zai busar?”

“Na gwada da kwano ɗaya. Biyar da rabi.”

“Kwalta huɗu take yi.”

“Na sani.”

“Kuma wa zai tsaya ya saya a nan? Kuɓewa?”

“Sabiru ya ce zai riƙa kai miki Rijiyar Zaki.”

Ta ja tsaki, ba mai ƙarfi ba. Ta dafa kafaɗarsa ta zauna a kan turmin da ya kifa mata a inuwa, ta miƙe ƙafar a hankali. Ba ta ce ta yarda ba. Amma ta aika aka kira Ramlat, wadda har lokacin take shanya a bakin titi tare da wasu mata biyu, duk da cewa samarin sun fara dawowa jefi-jefi. Da Ramlat ta zo, Zuliha ta nuna mata kusurwar gabas da sanda.

“Daga nan zuwa can naki ne. Ki je ki kwaso kayanki yau, kada ki jira Lahadi. Awakinki kuwa in na ga ɗaya a nan, yanka ta zan sa a yi.”

Sannan ta juyo wajen mijinta. “Malam, wajen nan ba zai ɗauke mu mu huɗu ba. Sai ka ƙara.”

Malam Yuguda ya dubi sauran kuɓewar da ta rage masa, ya tafi ɗaura wa bijimai amalanke.